Andrawus Katikis da Yayansa Isiyaku

Maikuɗi iyayensa suka raɗa masa. A shekarar 1962 wani Fada da ke zuwa ƙauyensu, can gefen dajin Kakangi, ya yi masa baftisma, ya ba shi sunan Andrawus. Fadan ya ba shi labarin mai sunan: masunci ne, yana cikin na farko da suka bi Yesu, kuma bai tsaya ko'ina ba sai da ya je ya kawo ɗan'uwansa wurin Yesu. A ƙarshe an gicciye masuncin a wata ƙasa mai nisa.

Maikuɗi ya ji duka, amma zancen ɗan'uwan nan shi ya zauna masa a rai. Yana da wa ɗaya tilo, Isiyaku, wanda ya raine shi bayan rasuwar ubansu, ya koya masa riƙon fartanya, har ya nema masa auren Martha. Isiyaku kuwa ya riga ya musulunta, yana noma a Randagi.

Da hannunsa Andrawus ya kwaɓa ƙasar cocin ƙauyen, aka kira shi da sunan Manzo Andrawus, shi kuma ya zama katikis, mai koyar da addini a cocin. Ranar talatin ga Nuwamba, bayan an yanke dawa, ake bikin waliyyin: a yi addu'a, a buga ganga, a ci tuwo da kifin rafi. Duk shekara yakan hau keke ya je gayyatar yayansa, Isiyaku ya yi dariya ya ce, "Allah ya sa a yi lafiya."

A 1968 sai ga Isiyaku ya zo, da farar rigarsa, yana jan bunsuru gudummawa. Murna ta rufe Andrawus. Ana tsakiyar taro ya miƙe ya kama hannun yayan nasa, ya ɗaga murya: "Yau ni ma na kawo ɗan'uwana, kamar yadda mai sunana ya yi."

Mata suka rangaɗa guɗa, Fada ya taso da fara'a. Isiyaku ya zare hannunsa a hankali. Da Gbagyi ya yi magana, don kada Fada ya ji.

"Maikuɗi, tuwo na zo ci a gidan ƙanena. Ba ka tambaye ni ba."

"Yaya, tsaya mana."

Bai tsaya ba. Kafin labarin ya kai Randagi an ƙara masa gishiri, aka ce Isiyaku ya bar salla. Ya yi watanni mutane suna ja da baya idan ya shiga sahu.

Martha ta ce wa mijinta ya je ya ba da haƙuri. Andrawus ya ce ba a neman gafara kan aikin Allah. Shekara goma sha ɗaya suka yi shi da yayansa ba zumunci, sai gaisuwar kasuwa. Sau biyu yana kaiwa bakin Randagi a kan keke, ya juya.

Isiyaku ya rasu da damina a 1979. Rafi ya cika, saƙo bai iso ba sai bayan kwana biyu. Da Andrawus ya je gaisuwa, Huraira, matar mamacin, ta shimfiɗa masa tabarma.

"Bai riƙe ka ba," in ji ta. "Cewa yake, 'Zai zo, yana da taurin kai ne irin na babanmu.'"

Daga wannan shekara Andrawus bai sake yin wa'azi ranar bikin ba, ya bar wa mataimakinsa Solomon. Ya taɓa ce masa, "Na karanta labarin mai sunana ya fi sau ɗari. Ban ga inda manzon ya ja ɗan'uwansa gaban taro ba. Magana ya yi masa, su biyu."

Shekara bakwai yana nome wa Huraira gonarta, har gwiwa ta hana shi tafiya. An binne shi a bayan cocin a 1988, 'ya'yan Isiyaku uku suna cikin masu haƙa kabarin.