Juya-ka-gani

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Alhaji Mamman, kuma a makon da suka cika ne na ji ƙarar nan. Bayan azahar na shiga ɗakin Inna shan ruwa, sai na ji wani abu yana huci a bayan randa. Na ɗauka maciji ne ya zo shan sanyi.

Baba shago gare shi a kasuwar Matameye, turare da maganin sauro na feshi yake sayarwa. 'Yan kasuwa sun sa masa suna Juya-ka-gani, don ba ya karɓar gwangwani sai ya kifa shi, ya bi bakin gindin da babban yatsa. In ya ga jan ɗigon tsatsa ko ɗaya, magana ta ƙare. Wani dillali ya taɓa ce masa, "Alhaji, kaya kake saye ko amarya kake dubawa?" Baba ya ce, "Amarya in ta yi fushi magana take yi. Wannan fashewa yake."

Yakan ce tsatsa ba ta sallama, ta ƙasa take ci, fenti yana sama yana ta murmushi.

Da aka tashi shagon, Inna ta riƙe gwangwani biyu na maganin sauro, ba don sauro ba, don hannunsa ya taɓa su. Ni ce na mayar da su gindin randa wata bazara, kan yashin nan mai laima, don na tuna yana cewa zafi ke fasa su. Har ina yaba kaina, 'yar lakwal, mai ilimin boko da hankali. Ashe gudun gara na yi na tad da zago.

Da na ga ba maciji ba ne, ɗaya daga cikin gwangwanayen ne ke huci, sai na yi abin da na tashi ina gani: na ɗauka na juya. Sai dai Baba in zai juya, hannu yake miƙawa nesa, ya kau da fuska tukuna. Wannan rabin na manta. Gindin duk tsatsa ta cinye, ya buɗe, ya feshe ni a ido biyu.

Inna ta riƙe mini hannu. "Kada ki murza, 'yar nan! Alhaji ya ce ruwa, ruwa kawai." Sai da ta ƙarar da randar a fuskata kafin aka kai ni likita.

Kwana biyu idona a naɗe, ban san ko zan sake ganin fuskar Inna ba. A cikin duhun nan Baba nake ta tunani. Da zai leƙo tasha yau ya ga gwangwanaye jere a tebur, rana ta duka, ruwa ya duka, ba mai juya ko ɗaya, da ya bi su ɗai-ɗai yana kifawa har masu kayan su kore shi. Ni kuwa na san ba zai yi faɗa ba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, cewa zai yi, "Uwata, rabin karatu ya fi jahilci cizo."

Shagon ya zama na wani, ko katakon da Baba yake shimfiɗa wa kaya da damina babu. Abin da ya rage nasa ba a kwali yake ba. Rabi yana hannuna, rabi yana bakin Inna, kuma nata rabin ne ya yi mini rana.

Ranar Alhamis da hantsi majo, babban ma'aikacin jinya, ya kwance mini ido. Ya miƙo kwalbar maganin ɗigawa ya ce in karanta ƙananan baƙaƙen. Na miƙa hannu nesa, na kau da fuska, na kifa ta.

"Me kike nema a gindi? Roba ce fa."

Inna ta yi dariya, hawaye na zuba. "Ƙyale ta, 'yar Juya-ka-gani ce."

Na karanta masa har layin ƙarshe. Ya ce, "Tashi ki je gida. Idonki lafiya lau."