Ƙotar Wuƙar Baba

A layyar shekarar da ta gabaci wadda nake son faɗa, wuƙa ta suɓuce daga hannun Baba yana tsakiyar yanka. A tsakar gidanmu na unguwar Mamobi ne, ni na danne ƙafafun ragon na baya, Yaya ya riƙe na gaba. Baba ya yi bisimilla, ya ɗora, ya ja sau ɗaya, sai muka ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Yaya ya yi wuf ya ɗauka ya ƙarasa. Ba a yi jinkirin da zai ɓata yankan ba, naman ya halatta, Baba da bakinsa ya faɗi haka, don shi ya koya wa rabin unguwar hukuncin yanka. Amma ranar ko hanta bai taɓa ba. Ya shige ɗaki ya ce kansa ke ciwo.

Da shekara ta zagayo, saura kamar mako uku Sallah, Baba ya aika aka sayo masa rago da wuri kamar yadda ya saba. Ya sa aka ɗaure shi inda zai riƙa ganinsa daga kan buzunsa. Yaya ya same ni a bayan gida.

"Chale, ɗan'uwa, bana ba za mu bar tsoho ya yanka ba. Hannu ɗin shi ya gama aiki. Ni zan yi, ko mu kira mahauci."

Na ce, "To wa zai faɗa masa?"

"Kai mana. Ba kai ne ticha ba?"

Raina ya ɓaci, kuma abin da ya ƙara ɓata shi, na san Yaya ba mugunta yake yi ba. Sanyin ƙashi ya kama yatsun Baba, ba sa dunƙulewa har ƙarshe. Sai dai mutumin da ya yi fiye da shekara hamsin yana yanka ragonsa da hannunsa, ka tsaya gabansa ka ce masa ya koma gefe ya yi kallo? Ni dai na san bakina ba zai iya ba. Na ce wa Yaya ya ba ni zuwa jajibiri, in abin da nake tunani bai yi ba, ni zan je in faɗa.

Ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa, amma duk Asabar ƙira nake yi. Ba gadonmu ba ce. Sha'awa ce kawai ta kama ni da girmana, na riƙa zama wajen wani tsohon maƙeri Bazabarme a unguwar Nima ina kallo har ya gaji da ni ya miƙo mini masaɓa. Na kafa 'yar maƙerata a lungun bayan gida, guntun ƙarfen layin dogo shi ne uwar maƙerata. Wuƙaƙe nake yi, in goge ƙotarsu ta yi ta sheƙi, in jera su ina kallo. Matata ta ce ta fi kowace mace a Mamobi yawan wuƙa, kuma ba a barinta ta yanka albasa da ko ɗaya. Baba kuwa bai taɓa leƙa lungun ba. Sau ɗaya ya taɓa magana a kai, ya ce gidanmu gidan alƙalami ne, bai san inda na samo toka ba.

Abin da na lura da shi shi ne, sandar Baba ba ta faɗuwa daga hannunsa. Cokali yana suɓuce masa, alƙalami ma haka, amma sanda da ita yake zuwa masallaci sau biyar, ya tsallake kwata, ya kori awaki. Kanta kauri ne da shi, ya cika tafinsa, yatsun ba sa bukatar haɗuwa. Tsohuwar wuƙarsa kuwa, wadda ya gada daga mahaifinsa, ƙotarta siririya ce, shekaru sun goge ta ta yi santsi. Sai na yanke a raina cewa ba hannun Baba ne ya gaza ba, ƙotar ce.

Na je Old Fadama wajen masu tsofaffin ƙarafa na zaɓo sifirin ɗin mota. Ruwan wuƙar bai ba ni wahalar da nake tsoro ba, sai dai na farko ni na kashe shi da gaggawa. Baƙin man da nake tsoma jan ƙarfe a ciki ya ƙare, na ce bari in yi da ruwa, sau ɗaya ai ba komai. Ina tsomawa na ji "ƙyas", na ɗago na ga tsaga daga kaifi har tsakiya. Na zagi kaina zagin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Washegari na samo mai wajen makanike na sake daga farko, na yi shi da faɗi amma mara nauyi.

Saura awon ƙota. Na jira Baba ya kwanta bayan azahar, na lallaɓa na ɗauke sandar daga bakin ƙofa. A lungu na juya ta a hannuna, na ga inda yatsunsa suka ci icen, gurbi huɗu a gefe ɗaya, na babban yatsa a ɗaya gefen. Na danna kan sandar cikin curin yumɓu ta gaba da ta baya, na auna kaurin da zare. Ina dawowa na tarar ya farka yana zaune.

"Ina ka kai mini sanda?"

"Baba, na ga kamar robar gindinta ta cinye ne."

Ya juya ta ya dubi robar, lafiyarta ƙalau. Ya dube ni, ya ce, "Allah ya shirye ka." Na ce amin.

Da guntun katakon odum, wani ice mai ƙarfi, da wani kafinta ya ba ni na sassaƙa ƙotar. Kwana huɗu ina kankara ina gwadawa a cikin yumɓun. Abin da ya fi ci mini rai shi ne barinta da kaushi. Hannuna har ƙaiƙayi yake in goge ta ta yi sheƙi, amma na san in jini ya taɓa ice mai santsi, an koma gidan jiya. Da na gama, ita ce wuƙa mafi muni da na taɓa yi. Yaya ya gani ya kwashe da dariya.

"Wannan wuƙa ne ko muciya? Tuwo za ka tuƙa da shi?"

Ban kula shi ba. Na wasa ta har tana aske gashin hannuna, na bi kaifin da farce daga gindi zuwa tsini ko zan ji giɓi. Na karɓo ɗanyar fatar wuyan sa wajen mahauta na gwada, ta wuce a ja ɗaya.

Ran jajibiri bayan la'asar na naɗe ta a ƙyalle, don kada ragon ya ga ƙarfe, na je na durƙusa gaban Baba. In ya ce a'a, ba ni da sauran dabara sai maganar da na yi wa Yaya alkawari.

"Baba, ga wata 'yar aba na yi. In ba ta yi ba a ajiye ta."

Ya buɗe ƙyallen, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauka, na ga yatsunsa sun zauna kowanne a gurbinsa. Ya ɗaga ta, ya juya wuyan hannu, ya sake juyawa.

"Ashe abin da ka yi da sandata ke nan."

Na sunkuyar da kai. Ya mayar da ita cikin ƙyallen ya tura ƙarƙashin buzu. Bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba.

Da muka sauko daga Idi, aka haƙa rami a gefen da ba siminti, aka kwantar da rago ya fuskanci alƙibla. Baba ya fito da wuƙar a bayansa. Na kalli ƙotar na ga tawa ce. Yaya ya matso kusa fiye da yadda ake bukata, na gane shirin ɗauka yake in ta faɗi, ban kuma ga laifinsa ba. Ni kuwa na danne ƙafafun ragon na runtse ido. Na ji Baba ya ce, "Bismillahi, Allahu Akbar." Na jira ƙarar ƙarfe, ban ji ba.

Da na buɗe ido jini yana zuba a ramin, yankan ya kai inda ake so, wuƙar tana hannunsa daram. Na sauke wata ajiyar zuciya da har matata ta ji daga bakin madafa. Wallahi ban san nauyin da na yi mako uku ina ɗauke da shi ba sai da ya sauka, na zauna a ƙasa da sababbin kayana.

Baba ya ƙarasa addu'arsa a tsanake. Aka kawo masa ruwa ya wanke hannu, ya zauna a benci yana mayar da numfashi. Sannan ya kira Yaya, ya miƙa masa wuƙar.

"Daga baɗi, in Allah ya kai mu, kai za ka yanka. Ni na gama. Dama so nake in ajiye da kaina, ba a karɓe mini ba."

Yaya ya karɓa da hannu biyu. Baba ya juyo wajena.

"Kai kuma maƙeri, sai ka sake masa ƙota. Hannunsa ba irin nawa ba ne."