Jar Fatar Kyamarar Papa Anatol

Yayana Lado baduku ne kamar mahaifinmu, kuma har yau yana zaune a rumfar da tsohon ya bari a unguwarmu ta Kilomita Biyar, dab da teburin da nake sayar da turare. Kube, jaka, laya, takalmi, duk yana yi. Ga taurin kai, ga rowar magana. Ni ƙanwarsa Ummuhani na sha yin faɗa da shi, don aikin wuni ɗaya sai ya kwana uku a hannunsa yana juya shi.

Abokinsa guda ne a duniya, Papa Anatol, wani Kirista mai ɗaukar hoto daga unguwar Miskine. Shi ya ɗauki bikina da sunan 'ya'yana duka. Kowa ya koma hoton waya, shi yana nan da tsohuwar kyamararsa mai fim. Kullum da hantsi zai zo ya zauna a bencin Yaya, su sha shayi, shi yana zuba zance da Sango, yaren garin, Yaya yana amsawa da "uhm". Wannan ita ce hirar tasu, shekara ashirin.

A ƙarshen Nuwamban 2013 ya miƙa wa Yaya kyamarar. Baƙar rigar da ke jikinta ta tsage, gefenta ya nannaɗe, tana manne wa yatsa. Yaya ya shinshina ya ce wannan ai leda ce, an cuce shi tun daga kanti. Papa Anatol ya yi dariya, ya nuna wani kube da ke rataye, ya ce irin wannan jar fatar yake so, da zanenta.

Na ga yadda Yaya ya cire tsohuwar rigar. Sai da ya ajiye kyamarar a rana, ya rufe idonta da ƙyalle, har gam ɗin ya yi laushi. Bai sa aska ba, wai za ta karce ƙarfen. Tsinken gora ya feƙe, yana cusawa ta kusurwa, yana ɗiga alkol, wato sifirit, da auduga, yana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Na ce masa ya fizge abin nan mu huta, ya harare ni. Ashe so yake ta fita ɗungurungum, don a kanta zai auna sabuwar. Ya yanka jar fatar akuya, ya kankare bayanta har ta yi siriri, ya zana, ya manna. Wallahi ban taɓa ganin aikinsa mai kyan wannan ba.

Ranar da za a zo karɓa, biyar ga Disamba, gari ya kama da wuta. Ba zan faɗi abin da muka gani ba. Miskine da muke zuwa da ƙafa ta zama wurin da Musulmi ba ya shiga ya fito, mu ma nan Kirista ba ya kusantar mu. Dangi suka hau manyan motoci suka nufi Kamaru da Cadi. Na roƙi Yaya mu bi su, ya ce akwai kayan mutum a hannunsa. Na ji haushi ƙwarai, na yi kuka, na kira shi mahaukaci, amma ban tafi na bar shi ba.

Bayan wata takwas, Odet, wata Kirista mai sayar da ganyen rogo, wadda ke ƙundunbalar shigowa kasuwarmu, ta ce ta ga Papa Anatol da ransa a sansanin 'yan gudun hijira na filin jirgi, gidansa ya ƙone, ba shi da ko tsinke. Yaya ya ɗauko kyamarar ya ce ta kai masa ya nemi abinci da ita. Odet ta kalli jar fatar ta ja da baya. Ta ce samarin da ke tsaron shingen hanya suna ganin wannan zanen za su san aikin Hausawa ne, daga ita har mai kyamarar ba wanda zai sha.

Yaya ya ajiye kyamarar a rana, ya ɗauko tsinken goransa, ya ɓare aikin da ya fi so da hannunsa. Tausayinsa ya kama ni. Ya liƙa mata baƙar fata mara ado, Odet ta binne ta a ƙasan kwandonta ta wuce.

Shekara biyu shiru. Sai wata safiya a 2016, hanya ta ɗan buɗe, na ɗaga kai na ga wani tsoho ramamme ya sauko daga babur da kyamara a wuya. Na saki kwalbar turare, don Papa Anatol ne. Ya zo ya zauna a bencin kamar jiya ya tashi, ya ajiye ta a gaban Yaya.

"Malam Lado, ba wannan na ce ka yi mini ba. Ja na ce."

Yaya ya tambaye shi ko ba ya tsoron a gan shi da ita a Miskine. Ya ce ya gaji da tsoro, duk mai tambaya zai gaya masa sunan wanda ya yi.

Yaya ya ɗaga tabarmarsa, ya zaro katako biyu ɗaure da igiya. Jar fatar na tsakani, a miƙe, yana shafa mata mai duk tsawon lokacin nan ban sani ba. Ya ce sai gam ya yi laushi tukuna, ya ɗora shayi. Da na duba, sai na ga a inuwa ya ajiye kyamarar.

Na raɗa masa cewa a nan ai sai la'asar ba ta yi laushi ba.

"Na sani," in ji shi. "Kawo masa kofi."