Kaskon Gawayi a Ɗakin Gwaggo

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na haihu na yi girman kai, na yafe muku, ba ku san abin da ya same ni ba ne.

Wankan jego a Kuje na yi, gidan Gwaggo, ƙanwar marigayi babana. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarama. Sunan Baba aka sa wa yaron, shi ya sa ba ta kiransa sai "Yaya".

Ɗan fari ne, kun kuma san al'adarmu. Ba ki ɗaukarsa a gaban manya, ba ki nuna kin damu da shi. A miƙo miki ki ba shi nono, a ɗauke. Don haka a ɗakin Gwaggo yake barci, kan katifarta mai laushi, an naɗe shi da zani biyu da bargo, ga hula, ga filo dama da hagu.

Tsakiyar damina ce, ruwa ba ƙaƙƙautawa. Gwaggo ta ce ba abin da ke kashe jariri kamar sanyi. Sai ta riƙa hura gawayi a kasko ta shigar ɗaki, ta rufe taga, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma.

Wallahi na san ba daidai ba ne. An faɗa mana a wajen awo. Ni da nake gyara wa oga takarda a ofis ba tsoro, na kasa cewa a ba ni ɗana. Sau ɗaya na gwada, na ce, "Gwaggo, ɗakin nan bai yi zafi da yawa ba kuwa?"

Ta harare ni. "Ji mini rashin ta ido! A kan ɗan fari? Ke da me aka raine ki?"

Matan gidan suka kwashe da dariya, ban ƙara tayar da maganar ba.

Da farko tsotso ya rage. Ya ja sau biyu, sai barci. Aka ce yaro ne mai haƙuri. Ita kuma Gwaggo kullum ciwon kai, tana ta shan maganin zazzaɓi.

Ranar da ya kwana ashirin da uku, aka tsuge da ruwa bayan azahar, suka shige ɗaki su biyu. Har aka kira la'asar Gwaggo ba ta fito alwala ba, ita da ba ta wasa da salla. Na tura ƙofa.

Tana ƙoƙarin tashi, ƙafa ta ƙi ɗaukarta, ga amai a gefen gado. Na yaye bargon. Yaro ya jiƙe sharkaf da gumi. Na ɗaga hannunsa, ya koma yaraf. Na girgiza ƙafarsa, ko motsi.

Innalillahi. Ban san na fita titi ba takalmi ba sai a cikin keke. Maƙwabta suka biyo mu da Gwaggo.

A asibiti likita ta duba shi, ta dubi Gwaggo, ta ce, "Akwai janareta ko gawayi a inda suke?"

Na ce gawayi.

"Tun yaushe?"

Na ce tun ranar suna. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi gawayi yana fitar da iska mai guba, ba launi ba wari, ko da ba a ga hayaƙi ba, kuma jariri ya fi kowa saurin kamuwa.

Aka sa masa oksijin, aka ɗebi jini, aka mayar da mu babban asibiti. Sau huɗu ana neman jijiya a ɗan hannun nan. Ina tatsar nono a kofi, ana zuba masa ta roba a hanci. Maigidana yana ta zirga-zirga tsakanin wajen biya da kantin magani, kuɗin da muka tanada na shekara suka tafi.

Kwana biyu ba wanda ya yarda ya ce mini zai tashi. "Muna dubawa, Hajiya," shi ke nan. Na tsani kaina a kwanakin nan, ba zan ɓoye muku ba.

A rana ta uku da safe ya tsala kuka. Nas ɗin ta ce, "Maman yaro, zo ki karɓi rigimarki." Na zauna a ƙasa ina kuka, yana kuka.

Kwananmu tara aka sallame mu. An gwada jinsa, lafiya lau. Amma an ce a riƙa kawo shi ana duba girmansa, don wani lahanin sai daga baya yake bayyana. Har yanzu in ya yi barci mai nisa sai na sa hannu a ƙirjinsa.

Alhamdulillah. Likitoci da nas-nas, mai keken da ya ƙi karɓar ko sisi, maƙwabtan Gwaggo, Allah Ya biya ku.

Masu shirin zuwa wanka gida, don Allah ku yi maganar wurin kwanan jariri tun da cikinku, kafin ido ya haɗu da ido. Ya kwana ɗaki ɗaya da ke, a shimfiɗarsa shi kaɗai, mai tauri, a rigingine. Ba filo, ba tulin bargo. Gawayi kada ya shiga ɗakin barci ko na minti ɗaya. In jariri ya rage shan nono, ba haƙuri ba ne, ku tafi asibiti. In kunya ta hana ki magana, tura maigida ko wata babba ta faɗa. In ba kowa, ki faɗa da bakinki, a kira ki marar kunya.

Kada kuma wani ya zagar mini Gwaggo a ƙasan rubutun nan. Da ƙauna ta yi, ita ma ta kusa rasa ranta.

Ta warke. Makon jiya na kai mata shi Kuje, na miƙa mata. Ta mayar da hannuwanta baya, ta ce, "A'a, riƙe shi ke. Daga nan ma ina ganinsa."

Har muka taho ba ta taɓa shi ba. Ku sa ta a addu'a.