Muryar Baba a Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk unguwar Hausawa ta Onitsha ba wanda ya kama ƙafata a sanin kwamfuta, akwai wata tsohuwar kwamfuta a zauren gidanmu. Wani Alhaji ɗan canji ne ya ba mahaifina ita. In ka kunna ta, sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta gama farkawa. Amma abin da ya fi komai daraja a gidanmu a cikinta yake, wato muryar Baba.

Mahaifina malami ne. Ya daɗe yana tafsiri a masallacin unguwa duk azumi, ana ɗauka a kaset, ni kuma na zauna na juye su kaf cikin kwamfutar. Ba a jima ba danshin garin nan ya cinye kaset-kaset ɗin, suka yi funfuna. Sannan Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Allah ya tashi kafaɗunsa, yana ji, yana gane kowa, amma magana ta tafi. Duk duniya babu inda karatunsa ya rage cikakke sai cikin akwatin nan mai ƙugi.

To, akwai abin da aka saba. Idan damina ta kusa sauka a Arewa, 'yan cin rani, masu dako a babbar kasuwa da masu tura baro a Kasuwar Relief, sukan zo yi wa Malam sallama kafin su koma gona. Kowa zai kwance memorin wayarsa daga cikin 'yar leda a zuba masa karatu ya kai gida. Kyauta ne, kuma ba a taɓa ce wa kowa a'a ba. Memorin nan kuwa babu shagon tura waƙa da fim da ba su shiga ba.

Antibairos ɗin da ke gadin kwamfutar daga cutar bairos ya daɗe da daina aiki. Kullum sai ya fito da wani jan rubutu yana kuka, ni gwani in danna in rufe, ko a jikina.

Wata Laraba na sa memorin wani bawan Allah, na juya in buɗe foldar tafsiri, wayam. Babu ita. Sai wasu 'yan alamomi masu kibiya, ka danna su ba abin da ke buɗewa. Gumi ya karyo min har cikin singileti. Baba yana kan tabarma a bayana yana jan carbi, na kasa ko waiwayawa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na fita waje na kira abokina da ke gyaran kwamfuta a Uwani, can Enugu. Tare muka tashi. Ya gama saurarena tsaf, sannan ya ce, "Mutumina, ina cika bakin? Kashe ta. Kada ka ƙara taɓa komai, gobe ina hanya."

Da hantsi okada ta sauke shi a ƙofar gida. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya zauna ya yi 'yan rubuce-rubuce a wani baƙin allo, sai ga foldar ta dawo. Ashe bairos ɗin ɓoye ta ya yi, bai cinye ba. Na rungume shi har hularsa ta faɗi.

"Sake ni, ba a gama ba," in ji shi. "Cutar tana ciki har yanzu. Ko wani faifan ka juye karatun, da ita za ka juye. Kuma wannan tsarin da ke kanta, waɗanda suka yi shi sun daɗe da cire hannu, ba mai toshe masa ɓaraka. Na yau ɓoyewa ya yi, na gobe zai iya lalatawa. Shawarata, daga yau kada a ƙara sa memorin kowa."

Sai muka ji ƙwas, ƙwas. Baba ne ke buga sandarsa a ƙasa yana girgiza kai. Mahaifiyata, wadda ita ce bakinsa tun da ciwon ya same shi, ta leƙo daga bayan labule.

"Malam ya ce bai yarda ba. Don a ji ya yi karatun, ba don a kulle a ɗaki ba. Jumma'a yaran nan za su zo, ku san yadda za ku yi."

Abokina ya sosa ƙeya ya ce, "To, Umma, an gama."

Nan muka shiga farautar maigadi. Sababbin antibairos ɗin da ke filashinsa ko kallon kwamfutar ba su yi ba, da ka fara sakawa sai su ce ta tsufa. Mun samu wani da ya yarda ya zauna, har na fara murna, abokina ya ce wannan ba ya kama komai sai ka ce masa ya bincika. Mu kuwa mai tsayuwa a bakin ƙofa muke so, wanda da an soka memori zai cafke ɓarawo kafin ya shigo. Wani kuma ya tsaya gadin, amma nauyinsa ya danne baiwar Allah har linzamin ya daina motsi. Sai gab da la'asar, bayan mun kira wani ubangidansa Inyamuri mai tara tsofaffin manhajoji, aka turo mana wani mara nauyi, wanda masu shi ba su daina aiko wa tsofaffin kwamfutoci sabon bayanin cututtuka ba.

Ya zauna daram. Ya share cikinta tas, muka juye karatun a wani faifai daban, Umma ta kai shi ƙasan akwatinta. Abokina ya hana kwamfutar buɗe memori da kanta, ya zare wayar intanet ya naɗe, ya ce sabon bayanin da filashi zan riƙa kawo mata. Da zai tafi ya ja min kunne, ya ce wannan gadi ne kawai, ba ƙuruciya ya mayar mata ba.

Ranar Jumma'a ana sakkowa daga masallaci zaure ya cika har waje. Na karɓi memorin farko na soka. Ƙiiit! Jan akwati ya fito a allo, an kama.

"Ya kama shi! Wallahi ya kama shi!" Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Mai memorin ya yi tsuru-tsuru. "Malam ƙarami, me aka kama? Ni fa ban ɗauki komai ba."

Aka kwashe da dariya. Da na yi musu bayani sai abin ya koma wasa. In an soka na mutum ya yi ƙara, a yi masa ca ana tsokana. In ya wuce shiru, ya gyara wuyan riga yana taƙama. Duk wanda aka zuba wa kuma sai ya kunna a wayarsa ya gwada. Kafin wani lokaci muryar Baba ta cika zauren ta kowace kusurwa, wannan yana Baƙara, wancan yana Yusufu. Daɗi kamar ya kashe ni.

Ina sallamar na ƙarshe sai na ji an taɓa ni da sanda. Baba ne ya miƙo min memori, ashe ya sa Umma ta sayo masa 'yar rediyo mai cin memori, ya kuma bari sai da kowa ya samu. Na zuba masa na saka. Ya daɗe yana dannawa da hannunsa mai lafiya, yana wucewa, yana komowa. Can ya yafito ni, ya kara rediyon a kunnena. Addu'ar rufe karatu ce, muryarsa garau tana cewa, "Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Allah ya jiƙan su kamar yadda suke jin ƙanmu." Ya dafa kaina.

Ni da nake tsalle ɗazu, sai ga ni na sunkuyar da kai ina cewa amin.

Baba ya rasu bayan wasu shekaru, kwamfutar ma ta yi ritaya, karatun yanzu yana wurare da dama. Har yau in na ga an bar tsohuwar na'ura ba gadi sai na yi magana, ko ba a tambaye ni ba, abokina yana ce min sarkin shisshigi. Ban damu ba. Na san abin da na kusa rasawa, kuma duk safiyar Jumma'a nakan kunna wurin addu'ar nan in ce amin.