Ranar da Na Fitar da Wan Mijina Daga Ɗakin Likita

Edita, ina yi muku sallama. A lokacin da abin nan ya same ni, ni ce matar da ake kafa misali da ita a lungunmu na unguwar Nombakélé. Aure ne ya kawo ni nan birnin Libreville, inda Faransanci ake yi, daga wani ƙauye a ƙasar Kano, ina kitso da lalle a gida, ina kuma ɗura zoɓo da kunun aya ana kai wa shagon maigidana. Idan uwa tana yi wa 'yarta faɗa sai ta ce ta dubi matar wane, ko ɗaga ido ba ta yi a gaban manya. Ni kuwa daɗin wannan yabo nake ji, har da ƙarin sunkuyar da kai. Faransancina na kasuwar Mont-Bouët ne, na iya taya kifi da ayaba, na iya cewa ya yi tsada, daga nan kuma sai murmushi. Ina goyon 'yata ta fari, ta fara tafiya amma ban yaye ta ba.

Mu da muka taso a gida mun san abin da ake kira kwanika, wato mace ta ɗauki ciki alhali tana shayarwa. Ba haram ba ne, kowa ya sani, amma mata sun mai da shi abin gori. A ce ba ki da haƙuri, kin cuci yarinya, kin ba ta gurɓataccen nono. To ni al'adata ta dawo tun ina goyo, sai kuma ta ɗauke. Na lura, na yi gum, ko maigidana ban gaya wa ba har ya tafi sarin kaya can wajen iyakar Kamaru. Bayan tafiyarsa ne marata ta fara ciwo ta gefen dama, ga ɗan jini yana ɗiga, ga zazzaɓi sama-sama. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, maƙwabciyata ta aika aka kira wan mijina, wanda duk muke ce wa Yaya. Shi ya kawo ƙanensa ƙasar nan, shi ya kama mana ɗaki, kuma Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Ni ko sunansa ban taɓa faɗa ba.

Ya sa ni a taksi muka je sashen gaggawa na wani asibiti. Likitan da ya duba ni saurayi ne, da gani ya gaji, layi kuma har waje. Aka soki yatsana, gwaji ya nuna palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Kafin ya rubuta magani ya danna marata, na cije leɓe, sai ya juya ya tambayi Yaya ko akwai yiwuwar ina da ciki, da kuma yaushe na ga jinina na ƙarshe. Na gane tambayar sarai, don kalmar ciki a Faransanci ko kurma ya san ta a kasuwa. Yaya bai juyo da ita gare ni ba. Ya kawar da kai, ya amsa da kansa cewa ai goyo take, ba maganar ciki. Likitan ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ta yaya zan buɗe baki a gaban wan mijina in ce ina zaton na yi kwanika? Aka ba ni maganin palu muka dawo gida.

Ba zan ɗora wa likitan nan laifin da ba nasa ba. Palu ɗin yana jikina da gaske, a garin nan wa ya rabu da shi? Sai dai ba shi ne yake neman raina ba, fakewa kawai ainihin ciwon ya yi a bayansa. Ya yi tambayar da ta dace, aka ba shi amsar da ta rufe masa ƙofa. Wataƙila da ba a cika masa ɗaki ba da ya sa an gwada fitsarina duk da haka, wannan tsakaninsa da aikinsa ne.

Na sha magani, zazzaɓi ya sauka, ciwon mara kuwa sai abin da ya ci gaba. Wata safiya ina tsugune ina tace zoɓo, na ji kamar an soka mini wuƙa a ciki. Na miƙe, duniya ta juya, zufa mai sanyi ta karyo mini, ga wani ciwo da ya taso har kan kafaɗata, abin da ban taɓa ji ba. 'Yata tana jan zanina tana neman nono, ni ko ɗaukarta na kasa. Aka sake kiran Yaya. A cikin taksi, muna maƙale a cunkoso ana yayyafi, ina jin sa yana gaya wa direba cewa palu ne ya ƙi jin magani, ƙarin ruwa kawai za a yi mini.

Haka ya maimaita wa ma'aikaciyar jinya da ta karɓe mu a asibiti, aka kwantar da ni a gadon turawa a gefe, ana jiran a zo a sa mini ruwa. A nan wata likita ta tsaya a kaina, mace ce 'yar ƙasar, riƙe da wata 'yar na'ura da ta haɗa da allo kamar waya. Ta yi wa Yaya bayani, ni ma na tsinci abin da na tsinta, sauran daga baya aka fayyace mini. Ta ce bincike suke yi a sashen, suna so su gane ko duba cikin masu ciwon ciki da wannan ƙaramar na'ura tun daga bakin ƙofa zai sa a gano masu hatsari da wuri, maimakon su jira layin babban hoto. Ta ce ba dole ba ne, ko na ƙi za a ba ni kulawa yadda ake ba kowa, amma sai da yardata za ta ɗora mini. Yaya ya murtuke fuska. Ya ce a'a, matar ƙanensa amana ce a hannunsa, ba zai bari a yi gwaji da ita ba, ya san baƙi ake nema a koyi aiki a kansu. Ya juyo ya ce mini da Hausa in kwantar da hankalina, ya riga ya sallame ta.

Likitar ba ta tafi ba. Ta sunkuyo ta kama hannuna, ta ce ni take tambaya, ba shi ba. Edita, ban san daga ina abin ya zo mini ba. Na tuna fuskar 'yata da na bari tana kuka a hannun maƙwabciya, na ji zuciyata ta tafasa. Na ɗaga ido na dubi Yaya tsakar ido, karo na farko a rayuwata, na ce masa don Allah ya fita, jikina ne, ni zan yi magana. Ya tsaya kamar bai ji ba. Na maimaita da ƙarfi har mutanen gadon kusa suka waiwayo. Ya tattara rigarsa ya fita. Ni kuma na haɗa Faransancin kifi da ayaba da nunin hannu, na gaya wa likitar cewa jini ya dawo, ya ɗauke, ina jin ciki ne, ta duba ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, ta ɗora na'urar, ta dubi allo, sai na ga fuskarta ta canza. Ta ɗaga murya, nan take gadon da aka yasar a gefe ya zama shi kowa ke rugowa. Daga baya ta zauna ta fahimtar da ni. Cikin bai sauka a mahaifa ba, a bututun da ke kaiwa gare ta ya tsaya, ya girma har ya fasa shi, jini yana ta zuba a cikina ba wanda ke gani. Ciwon kafaɗar nan ma jinin ne ya jawo shi. Aka yi mini aiki, aka cire bututun, aka ƙara mini jini. Ta ce da na ci gaba da kwanciya a matsayin mai palu, ba ta jin zan kai la'asar.

Ina fitowa daga asibiti na tarar labari ya riga ni isa gida. Ba labarin cewa na tsallake rijiya da baya ba, a'a, labarin cewa matar wane ta daka wa wan mijinta tsawa a gaban arna da Musulmi, kuma ashe kwanika ta yi. Matan da suka sha kitso a cinyata suka rage zuwa. A wani suna na ji wata tana cewa kura ce da fatar akuya, da ma shiru-shirun munafunci ne. Maigidana da ya dawo ya yi kuka da ya ga ɗinkin, amma da ya share hawaye sai ya roƙe ni in je in ba Yaya haƙuri a zauna lafiya. Na je. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa godiyar ɗawainiyar da ya yi da ni, don ya yi, kuma na san ba da mugunta ya amsa wa likita ba, shi ma kunyar ce ta kama shi. Amma kalmar haƙuri ba ta fito daga bakina ba, kuma ba za ta fito ba. Har yau gaisuwarmu a taƙaice take.

Nadamata ɗaya ce, shirun da na yi a zuwan farko. Shi ya ci mini bututu, ya kusa cin raina. 'Yan'uwana mata, musamman mu da ke zaune a ƙasar da ba a jin yarenmu, ku ji daga bakin wadda ta gani. Likita ba boka ba ne, da abin da kika gaya masa yake aiki. In za ki asibiti ki nemi mace ta fassara miki, in babu, ki roƙi namijin ya ba ki wuri ko da shi ya haifi mijinki. In an tambaye ki jini ko ciki ki faɗi gaskiya, goyo ba ya hana ɗaukar ciki. In an zo miki da maganar bincike ki sa a yi miki bayani ke da kanki, ki yarda ko ki ƙi, amma kada wani ya amsa a madadinki kina kwance kina kallo. Ku kuma maza masu raka mu, abin da likita ya tambaya ku isar mana da shi yadda yake.

Masu kirana fitsararriya su ci gaba, ko a jikina. Da na sake sunkuyar da kai ran nan, da su ɗin ne za su cika tsakar gidanmu ranar sadakar uku suna cewa Allah ya jiƙan baiwar Allah, mace mai kunya. 'Yata ta shiga makaranta bana, kuma ni nake yi mata kitso.