Kurciyar Inna

Bindigar iska na saya a kantin Turawa, shekara biyu bayan an daina yaƙin Jamus. Kullum da la'asar ina bayan gidanmu a Zangon Kumasi ina harbin kututturen ayaba, in na gama in tono 'yan dalmata in sake ɗurawa. Hannuna ya faɗa, ba yabon kai ba. Ƙafata ce matsalar, kurkunu ya bar ni da ɗingishi.

Malaminmu kuwa ya ce tsuntsun da aka harba sai an yanka shi da ransa, in ba haka ba mushe ne. Sai in kado kurciya daga kan reshe, kafin in ja ƙafa in isa ta riga ta mutu. Mai gonar kokon da nake farauta a ciki, wani dogon mutumin Asante, shi ke kwashewa. Har jirana yake, yana dariya.

"Kramo," haka suke kiran Musulmi, "yau nawa za ka kashe mini?"

Haushi kamar in jefe shi da bindigar.

Ana nan Inna, mahaifiyata, ta kwanta ciwo. Kwana huɗu ko koko ba ta sha ba. Ta ce romon kurciya kawai ranta ke so, irin na garinsu. Na tsorata ƙwarai.

Na tafi gona, na harbo biyu, duk suka mutu kafin in kai. Na zauna a ƙasa na riƙe kai. Mai gonar ya tambaye ni lafiya, na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya ɗaure zanensa a ƙugu, ya je ya tsaya a gindin bishiyar da kurciyoyin ke sauka.

Ina harbo ta uku ya cafe ta tun ba ta gama faɗuwa ba, ya sheƙo a guje yana tsallake kunyoyin rogo.

"Kramo, wuƙa! Bai mutu ba! Yanka, yanka!"

Na yi bisimilla na yanka, shi yana riƙe da fukafukan.

Da magariba matata ta kai wa Inna romon. Ta kurɓa sau ɗaya, ta sake kurɓa, muna tsaye ba mai motsi. Sai ta ɗago kai ta harare mu.

"Gidan nan gishiri ya ƙare ne?"